Yadda Ake Kawar da Bishiyar da Iska ta Kayar a Kan Hanyar Ƙauye

Duk wanda ya tashi a karkara ya san hadarin ƙarshen bazara. Daga watan Mayu zuwa Yuni yake haɗowa ta gabas, sama ta yi ja da ƙura, iska ta riga ruwa isowa, kafin ɗigon farko ya sauka ta riga ta yaye kwanon wani, ta kwantar da dangar wani. Da gari ya waye sai labari ya zo: darbejiyar bakin kwalbati ta faɗi, ta gitta hanya, ko babur ba ya wucewa. Wataƙila ranar kasuwa ce, wataƙila motar taki na hanya, wataƙila akwai mai naƙuda da za a kai asibiti. Hukumar FERMA titunan gwamnatin tarayya take kula da su, namu na ƙauye suna hannun sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, kuma mun san ba a ranar za su iso ba. Gayya ce za ta buɗe hanyar.

Na sha shiga irin wannan gayya, kuma raunukan da na gani da idona ba a daren iskar aka same su ba, washegari ne wajen sara. Bishiyar da ta faɗi ba ta gama faɗuwa ba. Wani reshe ya tokare ƙasa yana ɗauke da nauyin gangar jikinta, wani ya lanƙwashe kamar bakan da aka ɗame, saiwa kuma tana can tana jiran a rage mata nauyi ta koma raminta. Aikin gaba ɗaya shi ne a gane inda wannan ƙarfi yake ɓoye, a sake shi kaɗan-kaɗan.

Kafin kowa ya ɗaga gatari

Fara da tsare hanyar. A jera ganye ko duwatsu a tsakiyar hanya ta kowane ɓangare, kamar taku 100 daga bishiyar, a ƙara nisa in akwai kwana ko gangara, a kuma tsayar da mutum ɗaya a kowane gefe yana ɗaga hannu. 'Yan acaɓa su ne abin ji, don da asuba suke fitowa a guje, ga hanya da santsi. In kuwa babban titi ne mai kwalta, a kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, ko 112 ta agajin gaggawa.

Wata magana da halin da muke ciki ya sa dole a faɗe ta: in cikin dare ka tarar da itace a gicciye a hanya, kada ka sauka ka ce za ka janye. Juya ka koma garin da ka baro. 'Yan fashi da masu garkuwa da mutane suna tare hanya da gungume. Da rana ma ka dubi gindin tukuna. Wadda iska ta kayar za ka ga saiwa a tuge ko jiki a tsage, wadda aka sare kuwa bakin gatari ko na inji yana nan a fili.

Sai wayar wuta. A nan nake so mai karatu ya tsaya sosai. A zagaya bishiyar daga nesa, a bi layin fal-waya da ido, a ga ko akwai wayar da ta tsinke, ko ta saƙale a rassa, ko ta kwanta cikin ruwa. In akwai, aiki ya tsaya. Kowa ya ja baya aƙalla mita 10, wato kamar taku 15 na babban mutum. Za ka ji wani ya ce, "Haba, ai rabonmu da wuta sati biyu ke nan." Wannan maganar ce take kashe mutane. Ba a yi mana sallama in za a kawo wuta, kuma janaretan wani gida da aka haɗa ba daidai ba yana iya turo wuta cikin layin. Manyan layukan da ke ratsa ƙauyuka ƙarfinsu 11,000 ne ko 33,000 na ma'aunin bolt. Wutar lantarki tana bin ɗanyen itace, jiƙaƙƙiyar ƙasa ma haka, don haka ba sai ka taɓa wayar ba kafin ta kama ka. Kada a ɗaga ta da sanda ko gora, ko da busasshiya ce. Wanda ya farga yana kusa da wayar, ya haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su a ƙasa kaɗan-kaɗan har ya fita, kada ya yi dogon taku. Wanda waya ta faɗo wa a kan mota ya zauna ciki har a tabbatar an kashe layin.

A kira kamfanin wutar yankin: KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, JED a Filato, Bauci da Gombe, YEDC a Adamawa, Taraba, Borno da Yobe, NIGELEC a Nijar. Ba a komawa aiki sai ma'aikacinsu ya zo da kansa ya kashe layin, ya cire wayar daga jikin itacen. Ko da hanya za ta kwana biyu a rufe, a fitar da wata ta gefen gona a lallaɓa.

In babu waya, a ɗaga kai sama. Iskar da ta kayar da bishiya ɗaya ta karya rassan maƙwabtanta, suna nan a rataye suna lilo. A jawo su da igiya ko doguwar gora daga gefe kafin a tsaya a ƙarƙashinsu. A saurara kuma ko za a ji kukan zuma, domin ɗorawa da kuka da tsamiya gidajenta ne, ko a kogo ko a amyar da wani ya ɗora. In akwai, a nemo mai ɗiban zuma ya fara yin nasa aikin da hayaƙi. A bubbuga ganye da doguwar sanda saboda maciji da kunama, kada kowa ya cusa hannu inda idonsa bai gani ba.

Mai ita da mai ja-gora

Kowace bishiya da mai ita. Ɗorawa, mangwaro, tsamiya da kanya dukiya ce, wani lokaci ma gonar ta wani ce, bishiyar ta wani. A je wa mai unguwa ko dagaci, a kira mai ita, a yanke magana tun kafin sara: hanya za a buɗe, gangar jikin tasa ce, rassa a raba wa waɗanda suka yi aiki, ko yadda aka daidaita. In ta gefen titi ce da hukuma ta dasa, kamar tsofaffin maɗatan da ke jere a hanyoyin da aka yi tun zamanin Turawa, a sanar da malamin daji, musamman in za a tsaga katako a sayar. Na ga gayya ta watse hanya rabi a buɗe saboda rigimar wa zai ɗauki gungume.

Sannan a naɗa mutum ɗaya ya ja aikin, wanda ya saba da itace: tsohon mai faskare, ko mai sassaƙa turmi, ko mai injin yanka katako. Shi kaɗai zai ce a sara nan, a bar can. In ya ce "A tsaya!" kowa ya sauke hannu. Masu sara biyu ko uku sun isa, kowane da tazarar taku 7 ko fiye tsakaninsa da ɗan'uwansa. Sauran jama'a aikinsu jan rassa, kuma sai mai sara ya dakata za su shigo. Yara a kora su nesa, a sa wani dattijo ya tsare su. Mata masu son ganyen kuka da makiyaya masu son ganyen maɗaci su jira a jawo musu rassan gefe.

Kayan aiki ba su da yawa: gatura biyu ko uku masu kaifi, adduna, zarto in akwai, igiya mai kauri wadda tsawonta ya ninka tsayin bishiyar, sanduna masu ƙwari na ɗagawa, weji na katako guda uku ko huɗu, shebur, diga da baro. A duba ƙotar kowane gatari, wanda kansa ke girgiza a ajiye shi. Ban yarda mai sara ya shigo da silifa ba, ya samo takalmi rufaffe, ya kuma tuɓe babbar riga. A ajiye babur ɗaya da mai a ciki ta ɓangaren da asibiti yake, da tsabtataccen ƙyalle da ruwa.

Karanta itacen

Kowane reshe ko gungume da ke ɗauke da nauyi yana da gefe biyu: gefen da ke a matse da gefen da ke a ɗame. Ka ɗauki ɗanyen kara ka lanƙwasa, za ka ga cikin lanƙwasar yana tattarewa, bayanta yana neman tsagewa. Haka itace yake. In ka yanka ta gefen da ke a matse ka zurfafa, yankan zai rufe ya cije maka zarto ko inji. In ka fara ta gefen da ke a ɗame, itacen zai tsage da ƙarfi ya harbo. Ƙa'idar ita ce a fara ɗan yanka ta gefen da ke a matse, kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin, sannan a ƙarasa ta gefen da ke a ɗame.

Ga yadda take a aikace. Gungumen da ya tokare ƙasa ta kai da gindi, tsakiyarsa na sama kamar gada, samansa ne a matse. A fara ta sama, a ƙarasa ta ƙasa. Wanda gefe ɗaya ne a riƙe, ɗaya gefen na reto a iska, ƙasansa ne a matse. A fara ta ƙasa, a ƙarasa ta sama. In ka kasa ganewa, yi ɗan yanka ka zuba ido: in bakin yana buɗewa, gefen ɗamewa kake; in yana rufewa, zare ƙarfenka tun bai cije ba.

Akwai kuma lanƙwasar gefe, wadda ta fi ko wacce mugunta. Bishiya ta faɗi ta maƙale tsakanin wasu biyu, ko ta jingina da kututture, jikinta ya bankare. Ranar da aka datse ta, sai ta sharo gefe kamar bulala. Mai yanka ya tsaya ta cikin lanƙwasar, ba ta bayanta ba. A gangara kuma kullum ta sama ake tsayawa, don gungume ƙasa yake mirginawa. Kafin kowane yanka, mai sara ya san inda zai ja da baya, ya share wurin daga rassa.

Sara

A fara daga ƙarshen rassa a nufo gindi. Ƙananan rassan sama da na gefe, waɗanda ba su ɗauke da komai, su ne na farko, a janye su nan take don a ga ƙashin bishiyar sosai. Mai gatari ya sa gangar jikin tsakaninsa da reshen da yake sara, ya sari reshen ta ƙasan gindinsa, ba ta cikin gwafar ba. Kada a hau kan bishiyar a tsaya, kada a yi mata hawan doki.

Rassan da suka tokare ƙasa su ne ƙafafunta, a bar su sai ƙarshe. Kafin a cire kowanne, a cusa guntayen itace ƙarƙashin gangar jikin don in ta sauka ta sauka kaɗan. A cire ɗaya, a ja baya, a ga yadda ta motsa, sannan a sake karanta ta daga farko, domin kowane yanka yana sauya inda nauyi yake.

Ƙananan itatuwan da babbar ta danne suka lanƙwashe, tarko ne ɗananne. Wani ƙanena ya taɓa kai wa irin wannan sara ɗaya da adda, ɗan itacen da bai fi kaurin hannu ba ya miƙe ya same shi a haɓa, haƙora biyu suka tafi. Yadda ake yi shi ne a tsaya a gefe, a riƙa fere cikin lanƙwasar a hankali, ko a yi ƙananan yanka da yawa a jere, har ƙarfin ya mutu da kansa.

Gindi shi ne wurin da na fi tsoro. Bishiyar da ta tuge takan ɗago faifan ƙasa da saiwoyi, wani ya fi mutum tsayi, ga rami a bayansa. Nauyin rassa ne ya riƙe shi a tsaye. Yayin da ake rage rassan, gangar jikin tana iya ɗagowa, wani lokaci ta miƙe tsaye gaba ɗaya, faifan ya koma raminsa cikin ƙiftawar ido. Yara suna son shiga wannan rami su yi wasa, manya kuma sukan fake a inuwarsa su huta. Kada a bar kowa ya shiga, ko na minti ɗaya. Kafin yankan da zai raba gindi da jiki, ja-gora ya zagaya da kansa ya leƙa ramin. In faifan ya rinjayo ta wajen mai yanka ne, a tokare shi da gumagumai, a kuma bar dogon kututture, kada a yanke dab da saiwa.

Wadda kuwa ba ta kai ƙasa ba, ta rataye a jikin wata, ba a shiga ƙarƙashinta, ba a kuma sare wadda ta riƙe ta. A jefa igiya, a ɗaure, a ja daga nesa da ya ninka tsayinta. Kada wani ya naɗe igiya a hannu, kada a tsaya a saitinta, don in ta tsinke duka take yi. In tarakta za ta ja, a ɗaura a ƙarfen ja na ƙasa. In aka ɗaura sama da ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya, tana iya ɗaga kai ta kife kan direba. In ta ƙi saukowa, a killace wurin a nemo gwani.

Da aka zo gangar jiki, a yanka ta gajeru. Ɗanyen itace mai ƙwari yana da nauyin da ido ba ya nunawa: gungume mai kaurin santimita 60 da tsawon mita 1 yana kai nauyin buhun siminti 5. A yi shi rabin mita, a mirgina da sanduna maimakon a ɗaga. Mai gatari ya buɗe bakin saransa da faɗi kamar kaurin gungumen, ya ci rabi ta nan, ya zagaya ya ci rabi ta can. Shanun huɗa suna jan manyan guntaye da sarƙa cikin sauƙi, in dai an bari sai inji ya yi shiru, don ƙararsa na firgita su. In akwai gaggawa, a fara fitar da guntun tsakiya a buɗe hanyar mota ɗaya, sauran a bi shi a natse.

Itace kuma iri-iri ne. Darbejiya da turare suna da saurin tsagewa. Maɗaci nauyi gare shi, kuma katakonsa kuɗi ne, don haka mai shi zai so a bar shi da tsawo. In hanya ta ba da dama a ja shi gefe da tarakta. Giginya bayanta ƙarfe ne, tana dakushe gatari, amma azara ce, kada a daddatsa ta a banza. Kuka daban take: cikinta ruwa ne da zare, gatari nutsewa yake, sarƙar inji cushewa take, ba ta kuma yin itacen girki. In babba ce, sau da yawa ya fi sauƙi a fitar da hanya ta gefenta a bar ta ta ruɓe.

In da inji

Injin yanka itace yana gama aikin yini cikin awa ɗaya, amma mai shi kaɗai zai riƙe shi, ba a ba saurayi ya gwada. Babban haɗarinsa harbi ne: in saman hancinsa ya taɓa wani reshe ko dutse, sai ya zaburo baya ya nufo fuska. Shi ya sa ake riƙe shi da hannu biyu, babban yatsa a zagaye da mariƙi, a tsaya ɗan gefe da saitin sarƙa, kuma ba a yanka sama da kafaɗa. Ba a tafiya da shi sarƙa na juyawa. In itace ya cije shi, a kashe, a buga weji ko a ɗaga da sanda, kada a fizga. Ƙasar da ke jikin ɓawo da saiwa tana kashe kaifi nan da nan, a goge wurin yankan tukuna. Haɗin mai ya bi abin da aka rubuta wa injin: masu ƙa'idar 50 da 1, irin su Stihl, mililita 100 na man haɗi ake zuba wa lita 5 ta fetur, masu 25 da 1, mililita 200. A bari ya huce kafin a ƙara mai, a matsa mita 3 daga wurin kafin a tayar.

In tsautsayi ya faɗa

Yanka mai zubar jini, a danne shi da ƙyalle da ƙarfi, kada a ɗaga ana leƙawa, kada a zuba ƙasa ko toka ko man inji. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure tam ta sama da raunin, a lura da lokacin, a tafi asibiti. Wanda itace ya buga a baya ko wuya, ba a naɗe shi a ɗora a babur. A kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako a nemi mota. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tam. A hana gaɓar motsi a kai shi inda ke da allurar dafi. Ko ƙaramin rauni ne a je a yi allurar tetanus.

Gyaran wuri

Fitar da gungume ba shi ne ƙarshen aiki ba. A tara itacen nesa da bakin hanya, kuma ba cikin lambatu ba. A kwashe ganye da ƙirare daga bakin kwalbati, in ba haka ba ruwa na gaba zai hau kan hanya ya yanke ta, a wayi gari da kwazazzabo. Ramin saiwa in ya ci gefen hanya, a cika shi da duwatsu da marmara, ana zubawa ana daɓewa. In gawo ne ko wata mai ƙaya, a share wurin tas saboda tayoyi da ƙafafun yara. A kwashe ganye da duwatsun da aka jera na gargaɗi, domin su ma in dare ya yi suna kayar da mai babur.

Kafin a watse, ja-gora da mai unguwa su bi sauran bishiyoyin wurin ɗaya bayan ɗaya, musamman na gefen gabas, tunda ta can iskar ke bugowa ta kwanto da su kan hanya. Wadda ƙasar gindinta ta tsage ko ta kumbura, wadda ta karkata sabon karkata, wadda gara ta cinye cikinta ko aka taɓa cinna wa gindinta wuta, a yi mata alama da adda, a gaya wa mai ita, a sa ranar da za a rage mata rassa kafin hadari na gaba ya haɗo.